Adabin Rumawa ba na 'yan birnin Rum kaɗai ba ne

Da yawa sun ɗauka duk wanda ya yi suna a rubutun Latin haifaffen birnin Rum ne. Ba haka abin yake ba. Birjil, mai waƙar Aeneid, ɗan ƙauye ne daga kusa da garin Mantuwa a arewacin Italiya, Seneka masanin falsafa kuwa a Kordoba ta ƙasar Sifen aka haife shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mantawa da 'yan Afirka a cikinsu. Terens, marubucin wasan kwaikwayo, daga birnin Kartaj ya fito, inda Tunisiya take a yau. Bawa aka kai shi Rum, ubangidansa ya ba shi ilimi, ya 'yanta shi. Tsakanin shekarar 166 da 160 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka nuna wasanninsa shida, kuma dukkansu sun iso gare mu. Latin ɗinsa ya yi tsabta har aka shafe ƙarnuka ana koya wa yara da shi a makarantun Turai.

Sai Afuleyus, mutumin Madawurus a Aljeriyar yau. Shi ya rubuta labarin wani saurayi da karambanin tsafi ya mayar jaki, yana shan duka hannun masu gida daban-daban. Cikin ƙagaggun labaran Latin na zube na wancan zamani, nasa ne kaɗai ya tsira cikakke.