Yadda rada ke gano ruwa a ƙarƙashin kurmin Kongo

Me ya sa hoton tauraron ɗan'adam na yau da kullum bai isa ba?

Kyamara sai da haske, ga shi gajimare kan rufe tsakiyar kwarin Kongo mafi yawan shekara. Ko sama ta washe, kan bishiyoyi kawai za ta gani. Kurmin da ke tsaye cikin ruwa da wanda ke kan tudu, duka kore shar.

To, ita rada yaya take yi?

Rada na'ura ce da ake ɗora wa tauraron ɗan'adam. Da kanta take harbo igiyoyin rediyo ƙasa, sannan ta saurari abin da ya dawo, dare ko rana, da hadari ko babu. Idan igiya ta faɗa kan kwantaccen ruwa a fili, sai ta zame ta yi gaba, wurin ya fito baƙi a hoto. Amma idan akwai bishiya tsaye cikin ruwan, igiyar kan bugi ruwa, ta bugi jikin bishiya, ta koma inda ta fito da ƙarfinta. Shi ya sa kurmin da ruwa ya mamaye yake fitowa da haske fiye da na tudu. Wannan bugu biyu shi ne jigon aikin.

Kowace rada ce ke iya wannan?

A'a. Igiyar radar tauraron Sentinel-1 na Turai ba ta kai santimita 6 a tsawo ba, ganye kan tare ta. Ta tauraron ALOS na Japan kusan santimita 24 ce, tana ratsa rassa har ƙasa.

Me aka gano da ita?

A 2017 masu bincike Greta Dargie da Simon Lewis da abokan aikinsu suka fitar da taswirar dausayin Cuvette Centrale, tsakanin ƙasashen Kongo biyu: kimanin murabba'in kilomita 145,500 na ƙasar da ta taru daga ruɓaɓɓen ganye da itace, ɗauke da kabon kusan tan biliyan 30. Idan dausayin ya bushe, wannan kabon iska zai bi.

Ke nan an huta da shiga daji?

Ina! Rada ba ta faɗin zurfin wannan ƙasa. Sai da masu binciken suka shiga da kwalekwale da ƙafa, mutanen ƙauyuka na nuna musu hanya, suna soka sandar awo cikin laka, kafin su koya wa kwamfuta gane irin wurin a hoto. Ni dai ina ganin wahalar ta biya, domin a 2022 da gwamnatin Kinshasa ta yi gwanjon filayen haƙar mai, taswirar ce ta nuna cewa wasunsu sun hau kan dausayin.