Makin Sharhi a Harkar Wasannin Bidiyo

Makin sharhi lamba ce guda ɗaya da wasu shafukan intanet ke fitarwa bayan sun tattara hukuncin da jaridu da mujallu daban-daban suka yanke a kan wasan bidiyo. Mafi shahara a cikin shafukan shi ne Metacritic, sai OpenCritic, da kuma GameRankings wanda aka rufe. An ƙirƙiro lambar ne domin sauƙaƙa wa mai saye zaɓi, amma daga baya ta shiga cikin kwantiragin kamfanoni da lissafin albashin ma'aikata, inda nauyinta ya fi wanda take da shi a kasuwa.

Asali

Tun a shekarun 1980 mujallun wasanni ke ba da maki. Mujallar Famitsu ta Japan, alal misali, mutum huɗu take sawa kowa ya ba da maki daga cikin 10, a haɗa su zama 40. Tattara makin mujallu da yawa wuri guda ya zo ne da yaɗuwar intanet. GameRankings ya fara aiki a 1999. Wajejen wannan shekarar ne wasu Amurkawa uku, Marc Doyle da 'yar'uwarsa Julie Doyle Roberts da abokinsu Jason Dietz, suka fara gina Metacritic, aka buɗe shi ga jama'a a farkon 2001. Kamfanin CNET ya saye shi a 2005, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa hannun Fandom a 2022. An rufe GameRankings a Disambar 2019. OpenCritic ya fito a 2015, da alƙawarin bayyana yadda yake lissafinsa a fili.

Yadda ake lissafi

Metacritic yana mayar da kowane hukunci zuwa maki daga cikin 100. Tauraro 4 cikin 5 ya zama 80, harafin B ya zama 75, C kuma 50. Sai an samu aƙalla sharhi 4 kafin a fitar da jimla. Ba a daidaita kafafen da ke sharhin ba: wasu muryarsu ta fi nauyi a lissafin, kuma shafin bai taɓa bayyana ma'aunin ba. Daga 75 zuwa sama launin kore ne, 50 zuwa 74 ruwan ɗorawa, ƙasa da haka ja. Makin farko da kafa ta bayar shi ke zama, ko da an gyara wasan daga baya. Wasan da ya fi kowanne maki shi ne The Legend of Zelda: Ocarina of Time na 1998, mai 99.

Tasiri a kan masu haɗa wasa

A nan ne lamarin ya fi zafi. A harkar akwai ɓangare biyu: kamfanin da ke zama ya haɗa wasan, da babban kamfanin da ke zuba kuɗi ya kai shi kasuwa. Mai kuɗin ba ya iya rubuta "a yi wasa mai kyau" a kwantiragi, amma yana iya rubuta lamba. Tun a 2004 sashen wasanni na Warner Bros. ya sanar cewa duk wanda ya karɓi lasisin fim ɗinsu ya yi wasan da ya gaza kai kashi 70, za a ƙara masa kuɗin da zai biya.

Labarin da aka fi kafa hujja da shi na Fallout: New Vegas ne, wanda kamfanin Obsidian ya haɗa wa kamfanin Bethesda a 2010. Yarjejeniyar ita ce a biya su kuɗin aiki, sannan a ƙara musu tukuici idan wasan ya kai 85 a Metacritic. Ya tsaya a 84. Ɗaya daga cikin jagororin Obsidian, Chris Avellone, shi ya bayyana haka a Twitter a Maris na 2012, daidai lokacin da Obsidian ke sallamar ma'aikata, kodayake sallamar ta biyo bayan soke musu wani aiki ne daban. Wasan ya sayu miliyoyi, kuma har yau ana sa shi cikin fitattu. Maki ɗaya, wanda ra'ayin ɗan jarida guda ko biyu ke iya ɗagawa ko saukewa, shi ya raba mutanen da suka yi ta kwana a ofis da tukuicin guminsu. Abin da ya fi ci wa jama'a rai shi ne yawancin sukar da aka yi wa wasan ta kurakuran na'ura ce, irin wadda ƙarin lokacin gwaji ke magancewa, alhali aikin gaba ɗaya bai wuce kimanin wata 18 ba.

Kwantiragin Bungie, mai haɗa wasan Destiny, da Activision, mai zuba kuɗin, wanda ya fito fili a wata shari'a a 2012, ya tanadi dala miliyan 2.5 idan Destiny ya kai 90 a GameRankings. Da wasan ya fito a 2014, bai kai 80 ba. A 2012 ɗin dai, kamfanin Irrational Games ya fitar da tallar neman ma'aikaci, cikin sharuɗɗa har da cewa sai wanda sunansa ke jikin wasan da ya ci 85 ko fiye. Sharaɗi ne da ke hukunta mutum guda a kan aikin ɗaruruwa.

Cyberpunk 2077 na CD Projekt da ke Poland ya fito ranar 10 ga Disamba, 2020. Rahotanni sun ce an ɗaura tukuicin ma'aikata a kan maki 90, sai shugabannin suka janye sharaɗin bayan fitowar wasan. Nau'in kwamfuta kaɗai aka bai wa 'yan jarida tun da wuri, ya samu maki mai tsoka. Na PlayStation 4 kuwa bai kai 60 ba, har Sony ya cire shi daga kantinsa na kusan wata shida.

Ciniki

Wasanni masu maki da yawa sun fi sayuwa a jimlace, sai dai masu bincike sun saɓa a kan dalili, tunda su ne kuma aka fi kashe wa kuɗin talla. Wani gwaji da kamfanin EEDAR ya yi a 2010 da ɗaliban wata jami'a a Texas ya nuna waɗanda aka nuna wa sharhi mai kyau kafin su buga wasa sun fi yaba shi. Masu hannun jari ma suna kallo: a Maris na 2011 hannun jarin kamfanin THQ ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100 ranar da makin wasansa Homefront ya bayyana. Amma maki ba ya ceto. Okami na 2006 ya ci 93, bai sayu sosai ba, aka rufe kamfanin da ya haɗa shi. Hi-Fi Rush ya sha yabo a 2023, Microsoft ya rufe Tango Gameworks, kamfanin da ya haɗa shi, a shekarar da ta biyo, kafin Krafton ya karɓe shi.

Taron dangi

Ban da makin 'yan jarida akwai na 'yan wasa, daga 0 zuwa 10. Wani lokaci dubban mutane kan yi wa wasa taron dangi su zuba masa sifili saboda fushi da kamfani ko da labarin. Bayan abin da ya faru da The Last of Us Part II a Yunin 2020, Metacritic ya sa dokar jiran awa 36 kafin a fara ba sabon wasa maki.

Suka

Shafin sharhin wasanni na Eurogamer ya daina ba da maki a 2015, ya dawo da taurari a 2023. Shafin Polygon ma ya daina a 2018. Metacritic na cewa ba shi ya ce a sa lambarsa a kwantiragi ba.

A Jos

A gidajen gem na Unguwar Rogo, Gangare da kan titin Bauchi, da wuya a ji ana maganar wannan lamba. Mai shago yana da talabijin uku ko huɗu, benci, janareta da fad ɗin da aka naɗe wayarsa da salatif, kuma abin da zai ɗora a na'ura shi ne abin da yara za su biya su buga: ƙwallo, sai faɗa, sai tseren mota. Ƙa'idar da aka saba ita ce wanda aka ci shi zai biya. Idan sabon FIFA ya fito, wanda tun 2023 ya koma EA Sports FC, tambayar ita ce ko an sabunta 'yan wasa, ba nawa ya ci ba.

Duk da haka hukuncin waje yakan iso. Lokacin da kamfanin Konami ya sauya wasansa na ƙwallo, PES, zuwa eFootball a Satumbar 2021, wasan ya fito da kurakurai har waɗanda suka yaba masa a Steam, kantin wasanni na intanet, ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, kamfanin ya nemi afuwa. Hotunan fuskokin 'yan ƙwallo a murguɗe sun zaga WhatsApp, masoya PES da dama suka ci gaba da buga tsohon.

Mafi yawan masu wasa a garin a waya suke yi, kuma makin da suke gani shi ne taurarin Google Play. Shi ma ana duba shi ne bayan an duba nauyin wasan, ko zai ci data, da ko zai buɗe a wayar da ke hannu.