Kotun da ɓangare ɗaya kawai ke shiga: tambayoyi kan alƙalan sirri da tatsar wayoyin jama'a

A wata majalisar dare a Jekadafari, cikin garin Gombe, wani mai gyaran waya ya yi ƙorafin cewa layinsa na yin ƙiris-ƙiris idan yana magana. Nan take aka ce masa, "Malam, ai sauraronka ake yi." Wani dattijo da ba ya rabuwa da rediyo ya ce a Amurka hukuma ba ta isa ta yi haka ba sai da izinin kotu. Maganar Baba tana kan hanya, amma da sauran bayani. Ga tambayoyin da suka biyo baya.

Wace kotu ce wannan?

Ana kiranta kotun FISA, da sunan dokar da ta kafa ta a 1978, zamanin Shugaba Jimmy Carter. Zamanta a Washinton yake. Da alƙalai 7 ta fara, aka mai da su 11 bayan harin 11 ga Satumba 2001. Alƙalin Alƙalan Amurka shi kaɗai ke zaɓo su daga cikin alƙalan tarayya, kowa ya yi wa'adin da bai wuce shekara 7 ba. Aikinsu duba buƙatar hukumomin leƙen asiri, irin su FBI da NSA, idan suna son tatsar waya ko saƙonnin wanda suke zargi da yi wa wata ƙasa aiki ko ta'addanci.

To me ya kawo ta tun farko?

Ɓarna ce ta haife ta. A 1975 kwamitin Sanata Frank Church ya tono yadda hukumomin suka shekara da shekaru suna bibiyar 'yan ƙasarsu ba da izinin kowa ba, har da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, wanda aka riƙa dasa wa na'urar naɗar murya a ɗakunan otal. Sai majalisa ta ce daga yau a sa alƙali a tsakani. Wato takunkumi aka yi niyyar sa wa kura.

In kotu ce, me ya sa ake ɓoye ta?

Hujjar farko ba ta da wuyar ganewa, musamman ga mutumin Gombe. Wanda ya ga abin da bam ya yi a Tashar Dukku a Disambar 2014, ko a babbar kasuwa a Yulin 2015, ba zai ce a aika wa mai shirya irin wannan aika-aika takardar gayyata cewa gobe za a fara sauraron wayarsa ba. Ɓoye sunan wanda ake bi, wannan kam ba gardama.

Inda gizo ke saƙa shi ne, lauyan gwamnati ne kaɗai ke tsayawa gaban alƙali. Wanda ake magana a kansa ba ya nan, ba shi da lauya, kuma galibi har ya mutu ba zai san an taɓa ambatonsa ba. Mu kuwa mun taso muna ganin ko rigimar iyakar gona ce, mai unguwa ba ya buɗe baki sai ya ce, "A kira mini ɗayan." Alƙali komai adalcinsa, abin da aka kawo masa shi zai gani.

Ana cewa 'yar amshin shata ce. Gaskiya ne?

Daga 1979 zuwa 2012 gwamnati ta kai buƙatu sama da 33,000, waɗanda aka ƙi ba su kai 20 ba. Masu kare kotun suna cewa lissafin na yaudara: ana fara kai daftari, ma'aikatan kotu su ce a gyara nan a cire can, mai rauni kuma a janye shi kafin ya kai ga hukunci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai a 2019 babban mai binciken Ma'aikatar Shari'a, Michael Horowitz, ya ƙirga manyan kurakurai da bayanan da aka tsallake har 17 a takardun da FBI ta nemi izinin bibiyar Carter Page, tsohon mai ba Trump shawara lokacin kamfe. Alƙalai sun sa hannu sau huɗu. Da akwai lauyan ɗaya ɓangaren, da wuya a ce bai hango ko ɗaya ba.

Ina ainihin karon da take yi da dimokuraɗiyya?

A ganina ba a kan sunayen da ake ɓoyewa ba ne, a kan fassarar doka ne. A Yunin 2013 Edward Snowden, wanda ya yi wa NSA aikin kwantiragi, ya fitar da wani umarnin kotun da ya tilasta wa kamfanin waya na Verizon miƙa bayanan kiran dukan masu hulɗa da shi, kullum: wa ya kira wa, ƙarfe nawa, minti nawa. Ba muryar ba, amma wanda ya san ka kira likita da tsakar dare, da asuba ka kira yayanka, da hantsi ka kira mai sayen fili, ai ya gama karanta gidanku.

Dokar da aka dogara da ita, sashe na 215 na dokar Patriot ta yaƙi da ta'addanci, cewa ta yi a karɓi bayanan da suka shafi bincike. A asirce kotun ta yarda cewa "suka shafi" na iya ɗaukar wayar kowa da kowa. Ka ga doka ta zama biyu ke nan: wadda jama'a ke karantawa a takarda, da wadda ake aiki da ita a ɗaki kulle. Talaka zai zaɓi ɗan majalisa ko ya kayar da shi ne a kan abin da ya sani. Yaya zai hukunta shi a kan dokar da ba a yarda ya gani ba?

Ko ƙara ma ba ta shiguwa cikin sauƙi. A Fabrairun 2013 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta kori ƙarar Amnesty da wasu lauyoyi da 'yan jarida, don sun kasa nuna cewa lallai su ake saurare. Hujjar kuwa tana hannun wanda suke ƙara.

An gyara?

An ɗan taɓa. Dokar 2015 ta hana wancan kwasar karan mahaukaciya, ta sa a riƙa bayyana muhimman hukunce-hukunce, ta kuma tanadi wasu lauyoyi masu zaman kansu da alƙali zai iya neman ra'ayinsu. In ya ga dama.

Mu a nan ina ruwanmu?

Ruwanmu har wuya. Sashe na 702 na dokar FISA, wanda aka kawo a 2008 aka sabunta a Afrilun 2024, ya ba da damar bibiyar baƙon da ke wajen Amurka ba tare da an nemo wa kowane mutum takardar izini ba. Tsarin aikin kawai kotun take amincewa da shi. Ɗan unguwar Pantami ta Gombe mai Gmail da Facebook baƙo ne a wajen Amurka, saƙonninsa kuma a rumbun kamfanonin Amurka suke. Yawancin hayaniyar da suke yi a can kan haƙƙin 'yan ƙasarsu ce, ba namu ba.

A Najeriya fa, wa ke ba da izini?

Ba mu da kotu ta musamman irin tasu. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar waya, sashe na 45 kuma ya buɗe ƙofa saboda tsaro. Ƙa'idojin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, na 2019 sun ce a nemo izinin alƙalin Babbar Kotun Tarayya, amma in lamari na gaggawa ne a fara tatsa, a nemi takardar cikin awa 48. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta sa kamfanoni su ajiye bayanan masu hulɗa da su na shekara biyu. Tun haɗa layi da lambar NIN kuwa, kowace lamba tana da fuska da zanen yatsa.

Duk wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa aka riƙa kiransa a waya ana cinikin kuɗin fansa zai ce a bi layin, kuma yana da gaskiya. Abin da ya kamata sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai su nema a bainar jama'a shi ne lissafi: izini nawa aka nema bana, nawa alƙalai suka ƙi, nawa aka yi da sunan gaggawa. Wannan ba zai tona asirin ko bincike ɗaya ba.

To shi mai ƙiris-ƙiris, sauraronsa ake yi?

Ƙarar ba ta nuna komai. Tatsar zamani a na'urorin kamfanin waya ake yin ta, ba ta tari ba ta atishawa. Washegari da ya buɗe wayar da kansa, ƙura ya tarar ta toshe sifika.