Waiwaye: Tun yaushe biki ya daina ciyar da unguwa a Jos?

Duk ranar da bidiyon wata dina ya fita a Facebook ko TikTok, ana yi wa amarya liƙi har ana tattaka kuɗi, sai gardama ta tashi. Wasu su ce almubazzaranci ne a garin da wani ke kwana da yunwa. Wasu su ce guminsa ne, kuma mai girki da mai hoto da mai kwalliya a nan suke samun na cefane. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 muryoyin suka ƙara kaifi, har wasu ke zaton a nan maganar ta samo asali. A Jos dai ta girmi haka nesa ba kusa ba.

Garin kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 leburori ke kwararowa barikokin haƙa, kuma ranar biya ranar kiɗa ce. Daga baya ga silimar Kwararafa, ga ƙwallon Mighty Jets, ga kuntigin marigayi Ɗan Maraya, wanda ya fi yi wa talaka waƙa. A 1978 aka kafa ƙungiyar Izala a nan Jos, kuma ɓarnar kuɗi a bikin aure da suna na cikin abin da wa'azinta ya tsawatar a kai. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne watanni biyar ɗin da ke tsakanin rikicin 7 ga Satumban 2001 da gobarar babbar kasuwar Terminus a Fabrairun 2002.

Kafin nan a ƙofar gida ake biki. A tare layi da bencina, a kafa rumfa, matan unguwa su ɗora tukwane tun asuba. Babu kati. Almajiri ya zo da kwanonsa, mai garuwa ya ajiye tulla ya ci, makaho da ɗan jagoransa su samu rabonsu, a aika wa maƙwabta Kiristoci kwano kamar yadda su ma ke aikowa ran Kirsimeti. Ba wai mutanen da sun fi na yanzu tsoron Allah ba ne. A cikinsu ma akwai mai neman suna, akwai mai cin bashi don a ce ya yi. Sai dai ko don alfahari ka yi biki, kuɗinka sai ya gangara cikin unguwa, domin shagalin da ciyarwar daga tukunya ɗaya ake kwasarsu.

Da rikici ya zo, aka sha dokar hana fita, unguwanni suka rabu, taron dare a bakin titi ya zama abin fargaba. Na 2008 da na 2010 suka ƙara ɗaure abin. Mai hali ya kwashe bikinsa zuwa ɗakin taro mai katanga da ƙofa ɗaya da masu gadi. Ban ga laifinsa ba, lafiyar baƙinsa yake nema. Amma a can abinci kwangila ne, ƙirga shi ake yi, faranti kaza na mutum kaza. Wanda ba shi da kati ko ƙamshi ba ya ji.

Gobarar kasuwa kuwa ba kaya kaɗai ta ci ba. A Terminus attajiri da ɗan dako kullum suna ganin juna. Ranar Juma'a mabarata na bi rumfa-rumfa, mai marayu na karɓar kaya bashi ba tare da rubutu ba, yaron shago na jiran ranar da ubangidansa zai sallame shi da jari, adashi na zagayawa. Bayan wutar 'yan kasuwa suka watsu, wasu bakin titi, wasu ƙananan kasuwanni, wasu suka bar garin dungurungum. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar mai bayarwa da ta mai karɓa sun daina bi ta hanya ɗaya.

A shekarar 2001 ɗin nan dai wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya. Da ta girma ta zama mai kyamara, sai ta mayar wa talaka bikin da aka hana shi shiga, amma a matsayin kallo. Da yana gani yana ci, yanzu gani kaɗai yake yi, kuma da kuɗin datarsa. A ganina nan zafin gardamar yake. Dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 kan liƙi, sai dai mutuncin takardar kuɗi ta zo karewa, ba ruwanta da wa ya ci wa bai ci ba. Masu kafa hujja da aya ta 26 a Suratul Isra'i ma sukan riƙe ƙarshenta, inda aka hana almubazzaranci, su tsallake farkonta, inda aka ce a bai wa ɗan'uwa da miskini da matafiyi haƙƙinsu. Har akan juya faɗan kan mai Keke da ya biya kuɗin gidan kallon ƙwallo, kamar canjin da ya kashe ne ya hana wani cin abinci.

Har yau a lungunan Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo ana tare layi a ɗora tukunya, almajirai su yi layi da robobinsu. Galibin masu yin hakan waɗanda kuɗin hayar ɗakin taro ya fi ƙarfinsu ne.