Wane tsuntsu ya cancanci a sa shi gaba a rahoton masu kallon tsuntsaye?

Ba wanda ba a taɓa gani a yankin ba ne ake fara ambata?

Shi ya fi jan hankali, amma ƙarancin tsuntsu iri-iri ne. Akwai baƙon da ya ɓace hanya, ya kwana biyu ya wuce. Akwai wanda mazauninsa ba shi da faɗi, kamar ɗan jan tsuntsun nan na duwatsun Jos, dangin baiwar Allah, wanda sai a 1998 masana suka tantance shi. Sai kuma wanda a da yake ko'ina, yanzu yana ƙarewa. A ganina na ukun nan ya fi cancanta, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Kamar wane?

Ungulu. Dattawa sun san lokacin da take jeruwa a kan katangar mayanka tana jiran mahauta su watso tumbi, ko kallo ba ta ishi kowa ba. Yau akwai garuruwan da yaransu ba su taɓa ganinta ba. Guba da farautarta don haɗa magani sun cinye ta, har a 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin masu gab da ƙarewa. Wanda ya ga ungulu uku a kan tsamiya, ya rubuta adadin da ranar, ya kawo babban labari. Haka gauraka, da ganinta ya yi wuya ko a fadamun Haɗeja da Nguru.

Lokaci yana da tasiri?

Ƙwarai. Shamuwa a watan Yuni ba labari ba ce, da damina take zuwa. A gan ta a Kano tsakiyar hunturu, wannan abin rubutawa ne.

Idan mutum ɗaya ne ya gani fa?

A nemi hoto ko muryar kukan, ko bayanin baki da ƙafa da launin fiffike. In babu, a rubuta cewa ba a tabbatar ba. Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta, yana dogaro da irin waɗannan rahotanni, kuma kuskure in ya shiga, fitar da shi aiki ne.

A faɗi ainihin wurin?

Ga ungulu da gauraka, a'a, balle in sheƙa ce. Rahoton da ya hau Facebook, mafarauci ma yana karanta shi. A ambaci ƙaramar hukuma kawai, cikakken wurin kuma a miƙa wa masu bincike kai tsaye.