Rigar ƙungiyar waƙa da fentin feshi: ga amsoshinku

Tun da na yi wa 'yan amshinmu riguna goma sha biyu a nan Gusau, kullum tambaya iri ɗaya samari ke kawo mini. Ku karanta da kyau, ƙannena.

Wace riga zan saya?

Ta auduga. Ko gwanjo ce ta isa, in dai ka wanke ta bushe ka goge. Mai santsi irin ta 'yan ƙwallo ba ta shan fenti.

Zan iya fesawa a cikin ɗaki?

A'a! Warinsa yana shiga ƙirji, gwangwanin kuma yana kama wuta. Fita tsakar gida, nesa da murhu, ka rufe hanci. Kada ka bar gwangwanin cikin ranar bazara.

Da me ake yanke sunan da za a ɗora a kan rigar a fesa ta cikinsa?

Tsohon fim ɗin hoton ƙashi ya fi, sai kwali mai kauri, da sabuwar reza. O da A da Ɗ kuwa, ka bar musu 'yar siririyar gada ta riƙe cikinsu, in ba haka ba rami kawai zai fito maka.

In an wanke, zai fita?

To, wannan ce mai wuya, kuma ba zan yi maka alƙawari ba. Fentin da ake samu a kasuwa don ƙarfe da katako aka yi shi, ba don tufafi ba. Yana kama auduga, amma in ka zuba da yawa wurin zai sandare kamar busasshiyar fata, daga baya ya tsattsage. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne in tsaya nesa kamar taƙi ɗaya, in fesa sama-sama, in jira ya sha iska, in ƙara sau biyu. Sai a bar rigar ta kwana ta wuni. In warin ya tafi gaba ɗaya, a ɗora tsumma a kai a bi da dutsen guga mai matsakaicin zafi. Wasu sun ce gugar ba ta ƙara komai. Ni dai waɗanda na goge sun fi daɗewa, ko da yake fentin ma wani ya fi wani. Wajen wanki a juya ta ciki-waje, ruwan sanyi, ban da cuɗa mai ƙarfi, a shanya a inuwa. Duk da haka za ta ɗan koɗe. Kada ranka ya ɓaci, daga wurin masu kallo ba mai gane wannan. Farin fenti a kan baƙar riga ne ya fi saurin koɗewa, don haka fara gwadawa a tsohuwar singileti.

Fenti ya ratsa har bayan rigar!

Don ba ka sa kwali a cikinta ba. Sau nawa zan faɗa? Sa kwali, danne gefen zanen da duwatsu, kuma kada ka fesa ranar da iskar hunturu ke kaɗawa.