Ozzy Osbourne da Waƙoƙinsa na Ƙashin Kansa

John Michael Osbourne, wanda duniya ta sani da Ozzy Osbourne, mawaƙi ne ɗan Ingila da ake lissafawa cikin waɗanda suka kafa salon hebi metal, wato kiɗan rok mai nauyi da ake ginawa a kan rugugin jitar lantarki da dukan ganga mai ƙarfi. An haife shi ranar 3 ga Disamba 1948, ya rasu ranar 22 ga Yuli 2025. Ya yi suna a ƙungiyar Black Sabbath, aka sallame shi a 1979, daga nan ya kama gabansa. Tsakanin 1980 da 2022 ya fitar da faifai 13 na sitidiyo da sunansa.

Duk wanda ya jera faya-fayan nan ya saurara zai ji cewa muryar ba ta sauya sosai ba: siririya ce, tana fita ta hanci, kullum kamar da kuka a ƙarƙashinta. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne makaɗin jitar da ke tsaye a gefensa. Ozzy ba ya kaɗa jita, kuma yawancin baitocinsa wasu ne suka rubuta. Baiwarsa tana wajen ƙago karin da ake rerawa, da kuma gane matashin makaɗi tun kafin kowa ya san shi. Shi ya sa masu bin tarihinsa suke raba shi zamani-zamani da sunayen makaɗan jita.

Daga Aston zuwa Black Sabbath

Ya tashi a unguwar Aston ta birnin Birmingham, a gidan ma'aikatan masana'anta. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya yi aiki a mayanka da kamfanin kayan mota, ya kuma yi makonni shida a kurkukun Winson Green saboda fasa shago. A 1968 ya haɗu da Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward, suka kafa ƙungiyar da ta koma Black Sabbath a 1969. Ya rera faifansu takwas na farko, daga 1970 zuwa 1978.

A wancan zamani jitar Iommi ce uwa a gindin murhu. Kiɗan a hankali yake tafiya, da duhu da nauyi, kuma a waƙoƙi irin su "Iron Man" muryar Ozzy bin jitar take yi sawu da ƙafa. Butler ne ke rubuta mafi yawan baitoci. A Afrilun 1979 abokansa suka sallame shi saboda shaye-shaye, suka ɗauko Ronnie James Dio. Ya kulle kansa a wani otal a Los Angeles na wajen wata uku, yana ganin tasa ta ƙare. Sharon Arden, 'yar manajan ƙungiyar Don Arden, ita ta fito da shi, ta zama manajarsa, a Yulin 1982 kuma ta zama matarsa.

Zamanin Randy Rhoads

Wajen ƙarshen 1979 aka kawo masa Randy Rhoads, wani siririn saurayi ɗan Kalifoniya mai shekara 22 da ke kaɗawa a ƙungiyar Quiet Riot, yana kuma koyar da jita a Musonia, makarantar kiɗa ta mahaifiyarsa Delores. Labarin da aka fi bayarwa shi ne Rhoads bai gama saita jitarsa da ɗumama hannu ba Ozzy ya ce an ɗauke shi. A Ingila aka cika ƙungiyar da Bob Daisley mai jitar bes, tsohon ɗan Rainbow, da Lee Kerslake mai ganga daga Uriah Heep. Don Airey ya kaɗa kibod.

An ɗauki Blizzard of Ozz a sitidiyon Ridge Farm da ke karkarar kudancin Ingila, ya fito a Birtaniya a Satumban 1980, a Amurka kuma a Maris 1981. Daga daƙiƙun farko na "Crazy Train" ake jin an shiga wata duniya. Ozzy ya yi kira irin na kwandastan jirgin ƙasa, ya bushe da dariya, bes da ganga suka shigo da bugu guntu-guntu, sai jitar ta faɗo da sauri. Da aka shiga baiti sai kiɗan ya buɗe ya yi haske, abin da kunnen mai sauraron Black Sabbath bai saba da shi ba. Baitocin, waɗanda Daisley ya rubuta, suna magana ne a kan fargabar Yaƙin Cacar Baka.

Rhoads ya zo da abin da Iommi bai nema ba: ilimin kiɗan kilasik na Turai. Yana tsara sassan da yake kaɗawa shi kaɗai kamar mai rubuta waƙa a cikin waƙa, sannan ya maimaita su sau biyu ko uku daidai wa daida a ɗora su kan juna, sautin ya yi kauri. Injiniyan faifan, Max Norman, ya sha bayyana wannan dabara. Ozzy kuma ya sha faɗin cewa Rhoads ne mutum na farko da ya zauna da shi cikin haƙuri yana neman madaidaicin sautin da ya dace da muryarsa, maimakon a miƙa masa kiɗa a ce ya san yadda zai yi. A nan ne Ozzy ya daina bin jita, ya fara shimfiɗa nasa karin a samanta. "Goodbye to Romance" bankwana ce ga tsohuwar ƙungiyarsa. "Mr. Crowley", wadda ke magana a kan matsafin Ingila Aleister Crowley, tana buɗewa da kibod mai kama da na coci. "Dee" kuwa ba ta kai minti ɗaya ba, jitar katako ce zalla, Rhoads ya yi wa mahaifiyarsa. An sayar da sama da kwafi miliyan huɗu na faifan a Amurka kaɗai.

Diary of a Madman ya biyo baya a ƙarshen 1981, kuma shi ne ƙololuwar wannan haɗuwa. Waƙar da faifan ya ci sunanta tana farawa da tsinkar jita wadda masana ke dangantawa da wani darasi na Leo Brouwer ɗan ƙasar Kuba, tana sauya taku a tsakiya, tana ƙarewa da gogunan Turawa da tarin muryoyin 'yan amshi. Ba a taɓa jin Ozzy a cikin gini mai hawa-hawa haka ba, kuma bai sake komawa irinsa ba. Kafin faifan ya fito aka sallami Daisley da Kerslake, aka sa hotunan Rudy Sarzo da Tommy Aldridge a jikinsa, alhali ba su kaɗa komai a ciki ba.

A wannan lokaci ne ya ciji kan kurciya a ofishin kamfanin CBS a 1981, da kan jemage a kan dandamali a Des Moines ranar 20 ga Janairu 1982. Labaran nan sun fi kiɗan yawo, abin takaici.

Ranar 19 ga Maris 1982, a Leesburg ta jihar Fulorida, direban motar rangadinsu ya ɗauki Rhoads da mai kula da suturar ƙungiyar a wani ƙaramin jirgin sama. Jirgin ya yi ƙasa-ƙasa, fiffikensa ya bugi motar da Ozzy da Sharon ke barci a ciki, ya faɗa wani gida ya kama da wuta. Dukansu uku da ke cikin jirgin suka mutu. Rhoads yana da shekara 25, kuma na kusa da shi sun ce yana shirin barin rangadi ya koma karatun jitar kilasik. A 1987 aka fitar da Tribute, faifan wasannin da ya yi a gaban jama'a.

Jake E. Lee

Bayan Bernie Tormé da Brad Gillis sun riƙe wurin na ɗan lokaci, Jake E. Lee ya shigo. Bark at the Moon na 1983 ya fi kaifi da tsauri, ƙamshin kilasik ya ragu, kuma ya faɗo daidai lokacin da tashar MTV ke tashe, inda Ozzy ya fito a bidiyo cikin shigar rabi mutum rabi kyarkeci. The Ultimate Sin na 1986, wanda Ron Nevison ya shirya, ya bi yayin lokacin: sauti mai santsi, amshi mai sauƙin kamawa, riguna masu ƙyalƙyali. Ya kai na 6 a jadawalin Amurka, "Shot in the Dark" ta shiga rediyo, amma Ozzy da kansa ya ce ba ya son faifan. An sallami Lee a 1987.

Rigingimu

Iyayen wani matashi da ya kashe kansa a Kalifoniya a 1984 sun kai Ozzy ƙara suna zargin waƙar "Suicide Solution". Kotu ta kori ƙarar. Ozzy ya ce waƙar gargaɗi ce a kan giya bayan mutuwar Bon Scott na AC/DC. Daisley ya ce da Ozzy kansa yake lokacin da ya rubuta ta.

Batun wanda ya rubuta me ya fi daɗewa. An buga Bark at the Moon da sunan Ozzy kaɗai a matsayin marubuci, Lee kuwa ya ce shi da Daisley suka yi mafi yawan aikin. Daisley da Kerslake sun yi shari'a kan haƙƙinsu a faifai biyu na farko, kuma a 2002 aka sake fitar da faya-fayan an goge kiɗansu an sa na Robert Trujillo da Mike Bordin. Masu sauraro suka yi ca, aka mayar da na asali a 2011. Kafin Kerslake ya rasu a 2020, yana fama da ciwon daji, Ozzy ya aika masa da allunan yabo na cinikin faya-fayan biyu da ya roƙa.

Zakk Wylde

Zakk Wylde ɗan New Jersey ya shigo a 1987 yana da wajen shekara 20, kuma shi ya fi kowa daɗewa, yana fita yana dawowa. Jitarsa Les Paul ce mai zanen da'ira cikin da'ira, sautinta mai kauri, yana yawan sa ta ƙara mai tsini kamar kukan shaho. Ya kuma zo da ɗanɗanon rok na kudancin Amurka. No Rest for the Wicked na 1988 ya dawo da nauyi, har da waƙar "Miracle Man" da ke yi wa mai wa'azin talabijin Jimmy Swaggart zambo.

No More Tears na 1991 shi ne faifan da ya fi kusantar na zamanin Rhoads a daraja. Ozzy ya haura shekara 40, ya fito daga gidan gyaran hali bayan kama shi da aka yi a 1989 kan yunƙurin shaƙe Sharon cikin maye, kuma nadama ta shiga waƙoƙinsa. Lemmy Kilmister na Motörhead ya rubuta baitocin guda huɗu, ciki har da "Mama, I'm Coming Home". Mama a nan Sharon ce, sunan da yake kiranta da shi ke nan. Waƙar ta kai ta 28 a Amurka. "No More Tears" kuwa ta haura minti bakwai, tana tafiya a kan jitar bes, da kibod da gogunan Turawa a tsakiya. A 1994 ya samu kyautar Grammy ta farko da "I Don't Want to Change the World" da aka ɗauka a wasa.

Ya sanar da ritaya a 1992, bai jure zaman gida ba. Ozzmosis na 1995, da Geezer Butler a bes da Rick Wakeman a kibod, ya fi duhu da jan ƙafa. A 1996 Sharon ta kafa bikin Ozzfest bayan masu bikin kiɗa na Lollapalooza sun ƙi karɓarsa, bikin da ya ɗaga ƙungiyoyi irin su Slipknot da System of a Down.

Shekarun talabijin

Shirin The Osbournes na MTV, daga 2002 zuwa 2005, ya mayar da shi uban gida da kowa ya sani, kiɗan ya koma baya. Down to Earth na 2001, da Under Cover na 2005 wanda waƙoƙin wasu ne ya maimaita, da Black Rain na 2007, da Scream na 2010 tare da Gus G ɗan ƙasar Girka, yawancinsu sun yi ciniki, amma kaɗan daga waƙoƙinsu suka zauna a bakin mutane. A Disamban 2003, yana kwance a asibiti bayan hatsarin babur mai ƙafa huɗu, "Changes" da ya rera da 'yarsa Kelly ta zama ta ɗaya a Birtaniya. Bayan Scream hankalinsa ya koma Black Sabbath, har wasansu na Fabrairun 2017 a Birmingham.

Faifai biyu na ƙarshe

A 2019 ya faɗi a gida, tsohon raunin wuyansa ya tashi, aka shiga yi masa tiyata. A Janairun 2020 ya bayyana cewa yana da cutar Parkinson. Cikin wannan jinya ne ya rera "Take What You Want" da Post Malone, wadda ta shiga goman farko a Amurka, kuma ta nan ya san furodusa Andrew Watt. Watt ya rushe tsohon tsarin makaɗi ɗaya tilo. A Ordinary Man na Fabrairun 2020 shi ya kaɗa mafi yawan jitar, Duff McKagan a bes, Chad Smith a ganga, Slash da Tom Morello baƙi, Elton John a fiyano. Ƙaunar da Ozzy ke yi wa ƙungiyar Beatles tun yana yaro ta fito fili, maganar mutuwa kuma ta daina zama kayan tsoratarwa, ta zama ta dattijon da ke kallon ƙarshensa. Wasu masu sharhi sun yi ƙorafin an gyara muryar da na'ura fiye da kima.

Patient Number 9 na Satumban 2022 ya tara Jeff Beck da Eric Clapton da Zakk Wylde da Mike McCready, sannan Tony Iommi, wanda bai taɓa kaɗawa a faifan Ozzy na ƙashin kansa ba sai wannan karon. A "Degradation Rules" Ozzy ya busa harmonika a kan jitar Iommi, kamar yadda ya yi a "The Wizard" a 1970. Waƙar da faifan kowanne ya ci Grammy a 2023. A 2024 aka shigar da shi zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame karo na biyu, wannan karon shi kaɗai.

Wasansa na ƙarshe shi ne na ranar 5 ga Yuli 2025 a filin ƙwallo na Villa Park, tafiyar 'yan mintuna daga gidan da ya tashi a Aston. Ba ya iya tsayuwa, sai aka ɗago shi daga ƙarƙashin dandamali a kan baƙar karaga, a gaban mutum sama da dubu 40, Wylde na gefensa. Kafin ya rera huɗu da Black Sabbath ya rera biyar nasa: "Mama, I'm Coming Home", sauran huɗun kuma duk daga Blizzard of Ozz. Bayan kwana 17 ya rasu a gidansa da ke Buckinghamshire yana da shekara 76.